Likkafar Babur: Wahalar Dogaye da Haɗarin Gyaran Gaggawa

  

Bari mu fara da tambaya. A ajinku wa ya fi kowa tsawo? Mun san har kun juya kun kalle shi. Shi ne wanda kullum ake turawa ƙarshen layi a asambuli, shi ake kira ya goge saman allo, kuma shi ne idan ya zauna a benci gwiwarsa take tokarar tebur har sai ya miƙe ƙafafu ta gefe, duk wanda ya zo wucewa ya yi tuntuɓe. Ana tsokanarsa da cewa dogo da hankali dace ne, shi kuma ya yi dariya ya ce a zo a taɓa silin idan an isa. To wannan dogon yana da wata wahala da ba a cika lura da ita ba, sai ranar da ya hau babur ya yi tafiya mai nisa.

A gidanmu muna da irinsa. Yayanmu sai ya sunkuya yake shiga zaure. Bara ya tara kuɗi ya sayi babur na hannu, yana zuwa kasuwannin ƙauye yana saro hatsi. Tafiyar takan kai awa ɗaya da rabi zuwa, haka kuma dawowa. Duk ranar da ya dawo sai ka ga ya sauka yana ɗingishi kamar tsoho, ya dafa bango, ya daɗe kafin gwiwar ta miƙe. Idan yana kan babur ɗin kuwa, gwiwoyinsa suna sama da tanki, kai ka ce babba ne ya ari keken yara.

Wata rana wani abokinsa ya ba shi shawara. Ya ce ai abin ba wuya, a sauke matakin ƙafar, wato ƙarfen nan mai roba da ake ɗora ƙafa a kai. Suka je wurin wani mai walda a bakin titi, aka yanke ƙarfen, aka ƙara masa guntu, aka sauke shi kamar faɗin yatsu uku. Kwana biyun farko Yaya sai murna yake, ya ce yanzu ya san ya sayi babur. A rana ta uku ya ɗauko buhun masara, ya shiga shataletale da irin gudun da ya saba. Yana kwantar da babur ɗin hagu sai ƙarfen ya caki kwalta, tayar baya ta ɗaga, ya tafi ƙasa. Allah ya taƙaita, babu mota a bayansa. Ya samu targaɗe a wuyan hannu da ƙujewa a cinya, buhu ya fashe, ya yi mako uku bai je kasuwa ba. Innarmu da ta ga hannun ba ta ce komai ba illa: "Garin neman gira an kusa rasa ido."

Abin da ya sa muka kawo muku wannan labari shi ne, Yaya bai yi kuskure ba wajen gane matsalarsa. Gwiwarsa ta lanƙwashe fiye da kima, kuma sauke matakin ƙafa yana cikin hanyoyin da masu babur a duniya suke bi don magance hakan. Inda ya kuskure shi ne bai san abin da zai biya ba. Kuma abin mamaki, duk lissafin da zai cece shi yana cikin littattafan da ke jakarku yanzu haka.

Wurare uku

Duk wanda ya hau babur yana taɓa shi ne a wurare uku: sirdi inda yake zaune, kan babur inda hannuwansa suke, da matakin ƙafa. Idan ka tsaya a gefe ka ja layi tsakanin waɗannan wurare uku, za ka ga alwatika ta fito. Masu ƙera babura da wannan alwatikar suke fara aiki, domin ita ce take yanke yadda mutum zai zauna.

Ku lura da hotunan babura iri-iri. Na tsere, irin na gasar MotoGP, matakin ƙafarsa yana sama kuma yana baya, mahayin a dunƙule yake kamar kwaɗo, saboda yana kwantar da babur a kwana har ya wuce digiri 60, ba a son wani ƙarfe ya taɓa ƙasa. Na jeji da sahara, irin na gasar Dakar wadda a shekarun baya take ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar, sirdinsa yana da tsawo, matakin kuma yana daidai ƙarƙashin jiki, saboda mahayin yakan miƙe tsaye a kansa ya daɗe. Namu na yau da kullum, su Bajaj da Jincheng da roba-roba, an yi su ne a zauna a miƙe, a ɗauki kaya, ƙafa kuma ta isa ƙasa cikin sauƙi a cikin cunkoso.

Kakanninmu sun san wannan ilimi tun kafin babur ya zo. Duk wanda ya taɓa kallon shirin hawan sallah ya ga yadda ake gyara likkafa kafin mahayi ya hau doki. Dogo a sassauta masa maɗaurinta ta sauka, gajere a ɗage masa. Babu wanda yake cewa likkafa ɗaya ta dace da kowa. Matakin ƙafar babur shi ne likkafarsa, bambancin kawai shi ne a yawancin baburanmu an ɗaure shi da noti wuri ɗaya, ba a yi shi don a matsar ba.

Ina matsakaicin mutum yake?

Kamfani ba zai iya ƙera wa kowane mutum babur ɗinsa ba. Ku duba Honda Super Cub, wanda aka fara yi a Japan a 1958: ya zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Dole a zaɓi awo ɗaya na tsaka-tsaki a ce yawancin mutane za su iya lallaɓawa da shi.

Amma akwai wani bincike da ya kamata ku sani. A 1950 rundunar sojan sama ta Amurka ta auna jikin ma'aikatan jirginta 4,063. Wani matashin mai bincike, Gilbert Daniels, ya ɗauki awo goma, kamar tsawo da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya fitar da matsakaicin kowanne. Sannan ya tambaya: mutum nawa ne a cikinsu suke matsakaita a duka goman? Amsar da ya wallafa a 1952 ita ce ko ɗaya babu. Wani yana da matsakaicin tsawo amma hannunsa dogo, wani ƙafarsa gajera amma gangar jikinsa doguwa. Irin wannan bincike yana cikin abin da ya sa aka koma yin kujerun da ake matsarwa gaba da baya, kamar wanda kuke gani a mota yau.

Wannan fanni sunansa agonomiks, wato ilimin daidaita kayan aiki da jikin mai aiki da su. Ana karanta shi a sassan injiniyanci da na lafiya a jami'a. Shi ne yake tambayar tsawon da ya kamata bencin aji ya kasance, da inda ya kamata allon kwamfuta ya tsaya, da tsawon ƙotar fartanya. Kuma ya shafe ku kai tsaye, domin a shekarunku ne jiki yake harbawa, kuma ƙafafu ne suke fara tsawo kafin gangar jiki ta biyo. Shi ya sa wandon makarantar da aka ɗinka maka a farkon shekara yake ɗangalewa kafin zango na uku.

Lissafin gwiwa

Ku ɗauko takarda. Cinya da ƙwauri gefe biyu ne na alwatika, gwiwa ce kusurwar da ke tsakaninsu, gefe na uku kuma shi ne tazarar da ke tsakanin ƙugu da idon sawu. Wannan gefe na uku babur ne yake yanke shi, ta nisan da ke tsakanin sirdi da mataki.

A ɗauka tazarar santimita 55 ce. Ga mutumin da cinyarsa da ƙwaurinsa kowanne santimita 40 ne, ku raba alwatikar gida biyu: sin na rabin kusurwar shi ne 27.5 a raba da 40. Idan kuka duba tebur ko kalkuleta, kusurwar gwiwarsa za ta fito kusan digiri 87, wato kamar zama a kujerar falo. Yanzu ku kawo dogo mai santimita 45 a kowanne. Babur ɗaya, tazara ɗaya, amma 27.5 a raba da 45 zai ba ku kusan digiri 75. An matse gwiwarsa da digiri 12 fiye da ta ɗan'uwansa. Wannan matsewar kuma ba ta tsaya a gwiwa ba. Idan gwiwa ta hau sama da ƙugu, sai ƙashin ƙugu ya kwanta baya, gadon baya ya lanƙwashe, nauyin jiki ya taru a kan mazaunai maimakon cinya ta raba shi. Na minti goma ba komai. Na awa uku kullum, a hanya mai gargada, shi ne ɗingishin Yaya.

Idan aka ƙara tazarar da santimita 3 kacal, ta koma 58, gwiwar dogon za ta buɗe zuwa kusan digiri 80. Kun ga ƙaramin canji yana da tasiri. Shi ya sa a ƙasashen da ake sayar da matakan ƙafa na musamman don dogaye, yawancinsu santimita 2 zuwa 4 kawai suke saukewa. Ba a wuce haka da yawa, kuma akwai dalili.

Abin da ake biya a kwana

Babur ba ya juya kwana a tsaye. Dole ya kwanta ta ɓangaren da zai bi, kuma yawan kwanciyar ba zaɓin mahayi ba ne, gudu da ƙuncin kwanar ne suke yanke shi. 'Yan ajin kimiyya kun san wannan daga darasin tafiyar da'ira a Fiziks:

tan θ = v² ÷ (r × g)

A nan θ ita ce kwanciyar babur daga tsaye, v gudu ne a mita cikin daƙiƙa, r nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da inda babur yake bi, g kuma 9.8 ce.

Mu ɗauki shataletalen da r ɗinsa mita 20 ne. A gudun kilomita 30 cikin awa, babur zai kwanta kusan digiri 20. A kilomita 40, kusan digiri 32. A kilomita 50, kusan digiri 45. Ku lura da yadda abin yake tsalle. Saboda v ɗin ninka kanta ake yi, ƙarin gudu kaɗan yana neman ƙarin kwanciya mai yawa.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren: har ina babur zai iya kwanciya kafin matakin ya taɓa ƙasa? Mu sauƙaƙa lissafin, mu bar faɗin taya a gefe. A ɗauka bakin matakin yana santimita 25 sama da ƙasa, kuma ya fito gefe santimita 30 daga tsakiyar babur. Tan na kusurwar shi ne 25 a raba da 30, wato kusan digiri 40. Mai shiga shataletalen nan da kilomita 40 yana buƙatar 32, yana da rarar digiri 8. Lafiya lau.

A sauke matakin da santimita 5, ya koma 20. Yanzu 20 a raba da 30, kusan digiri 34 ke nan. Rarar ta koma digiri 2. Shi ya sa kwana biyun farko ba abin da ya faru. Sai a ɗora buhun masara, sifirin ya nutse, a ce babur ya ƙara sauka da santimita 3. Saura 17, kuma 17 a raba da 30 bai kai digiri 30 ba. Kwanar tana neman 32, babur ɗin 30 kawai zai iya bayarwa. Alƙaluman nan na misali ne, amma abin da ya kayar da Yaya ke nan.

Akwai ƙarin abu. A manyan babura da yawa matakin yana naɗewa sama idan ya taɓa ƙasa, yana da sifirin da ke mayar da shi, wasu ma har da ɗan ƙarfe a ƙasansa da zai fara gogar kwalta ya yi ƙara, ya gargaɗi mahayi. A ƙananan baburan da suka fi yawa a wurinmu kuwa, sau da yawa sanda ce guda ɗaya da aka ɗaure a ƙarƙashin inji, ta fito dama da hagu. Ba ta naɗewa. Idan ta caki ƙasa, nauyin babur yakan koma kanta, taya ta rasa riƙo. Ban da kwana ma, ga tudun rage gudu, ga rami, ga kututture da dutse a hanyar gona. Duk abin da aka sauke ƙasa ya matso kusa da su.

Birki da giya ba su sauka ba

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. An ƙera birkin ƙafa da giya ne daidai da inda matakin yake, yadda tafin ƙafa zai zauna a kan mataki, yatsu kuma su kasance a saman birki ba tare da an ɗaga ƙafa ba. Idan aka sauke mataki aka bar birki a inda yake, to birkin ya koma sama da ƙafa. Duk lokacin da za a taka shi sai an ɗaga ƙafar gaba ɗaya an nemo shi.

Kada ku raina wannan ɗan jinkiri. Kilomita 40 cikin awa daidai yake da mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan neman birki ya ci rabin daƙiƙa, babur ya yi tafiyar mita 5 da rabi bai fara tsayawa ba. Ku auna mita 5 da rabi a cikin ajinku ku gani. Yaron da ya faɗo titi yana bin ƙwallo ba shi da wannan tazarar.

Wasu kuma don gudun haka sai su bar ƙafa a kan birki kullum. Sai birkin ya riƙa kamawa kaɗan-kaɗan, ya yi zafi, ya cinye, fitilar birki ta baya kuma ta zauna a kunne har na bayanka ya kasa sanin lokacin da za ka tsaya da gaske. Saboda haka duk wanda ya taɓa mataki, dole ya sake saita giya, ya sake saita birki da notin da ke ƙarshen sandarsa a tayar baya, ya kuma duba makunnin fitilar birkin. A littattafan ƙananan baburan Honda, wasan da ake bar wa birkin ƙafa kafin ya fara kamawa milimita 20 zuwa 30 ne.

Sai maganar walda. Matakin ƙafa yana ɗaukar nauyin mutum gaba ɗaya duk lokacin da ya ɗan miƙe don tsallake rami, kuma yana shan girgizar inji ba hutu. Ƙarfen da aka yanke aka haɗa, idan waldar ba ta ci ba, ba ya karyewa ranar farko. Tsagewa yake farawa ƙarama, ido ba ya gani, tana ƙaruwa da kowace girgiza, sai wata rana ya ɓalle ana cikin gudu. A wasu baburan ma a jikin wannan sandar aka haɗa ƙafar da ake jingine babur da ita, ka ga idan an sauke sandar an canza yadda babur zai tsaya idan an ajiye shi.

To me dogo zai yi?

Da hannun Yaya ya warke, mahaifinmu ya tura shi wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyaran babur a unguwarmu. Muka raka shi. Dattijon ya zagaya babur ɗin, ya shafa waldar, ya girgiza kai.

"Hau in gani, ɗana," ya ce.

Yaya ya hau, ya sa ƙafafu a ƙasa. Duka biyun sun zauna daram, gwiwa ma ba ta miƙe ba.

"Ka gani? Kai da kake da rarar ƙafa har haka, me ya kai ka ƙasa? Sama za ka je. Ƙasa ta hanya ce."

"Baba, ai na ɗauka duk ɗaya ne."

"A gwiwarka ɗaya ne. A kwana ba ɗaya ba ne."

Gaskiyarsa. Ku koma kan alwatikarmu. Abin da gwiwa take so shi ne a ƙara tazara tsakanin sirdi da mataki, ba ruwanta da ko ta sama aka ƙara ko ta ƙasa. Dattijon ya cire sandar da aka yi wa walda ya sa sabuwa irin ta kamfani. Ya tura Yaya wurin masu ɗinkin kujera aka ƙara wa sirdin soso mai tauri, ya tashi kamar faɗin yatsu biyu. Ya ce kada a sa mai laushi, domin kwana kaɗan zai lotsa a koma gidan jiya. Da yake sirdi ya tashi, kan babur ya zama ya yi ƙasa, sai ya sassauta notinsa ya ɗan ɗago shi, sannan ya juya kan dama da hagu har ƙarshe don ya tabbatar wayoyin birki da kuloci da totur ba su ɗaure ba. Duk aikin bai kai kuɗin masarar da ta zube ba.

Saboda haka ga yadda muka fahimci jerin, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na farko, a gyara zama, a ɗan matsa baya a kan sirdi idan babu fasinja, kuma a tafiya mai nisa a riƙa tsayawa ana miƙe ƙafa. Na biyu, a ɗaga sirdi, muddin ƙafa za ta ci gaba da isa ƙasa sosai. Na uku, a daidaita kan babur. Sauke mataki shi ne na ƙarshe, kuma idan ya zama dole, a yi shi kaɗan, da ƙarfen da aka ƙera don wannan samfurin babur, a hannun bakaniken da zai saita birki da giya a lokaci guda. Bayan nan a gwada shi a fili, a hankali, da kaya da kuma babu kaya, kafin a shiga titi. Wanda kuma bai riga ya saya ba, ya hau ya zauna tukuna kafin ya biya, kamar yadda ba ka sayen takalmi sai ka gwada.

Na baya ma yana da ƙafa

Yawancinku a baya ake ɗaukar ku, musamman 'yan mata da ƙanana. Kafin ku hau, ku kalli matakan baya. Suna nan duka biyu? An buɗe su? Sau nawa muke ganin babur da matakinsa ɗaya ya karye, fasinja yana rataye da ƙafa a iska ko ya ɗora ta a kan salansa mai zafi? Yaron da ƙafarsa ba ta isa mataki ba, diddigensa yana lilo ne dab da tayar baya, kuma idan ya shiga tsakanin wayoyin taya raunin ba ƙarami ba ne. 'Yan'uwa mata, ku tattare hijabi da zani da gyale ku riƙe a cinya kafin a tashi, domin sarƙar babur da taya ba sa sakin abin da suka kama. Ba rashin kunya ba ne ka ce wa mai babur, "Malam, don Allah tsaya in gyara zama." Kuma idan babu inda za ka sa ƙafa, ka jira wani.

Mun san wasunku har sun fara karɓar makulli ana aiken su cefane. Ba za mu ɓoye muku ba: a Nijeriya sai mutum ya kai shekara 18 ake ba shi lasisin tuƙi, kuma tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano ga mai tuƙa babur da wanda ya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Mu da ku duk muna cikin wannan rukuni. Tsawon ƙafa yana sa mutum ya ga kamar ya isa, tunda ƙafarsa tana kai ƙasa, amma tsawo ba ya koya wa mutum abin da zai yi idan akuya ta gitta masa a kwana.

Aikin wannan mako

Ba sai kun tayar da babur ba. Ku nemi izinin mai shi, a kafe shi a tsakar gida, inji a kashe kuma ya huce. Ku ɗauko tef ɗin awo na tela da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafinku.

Ku auna tsawon bakin matakin daga ƙasa, da nisan da ya fito daga tsakiyar babur, ku fitar da kusurwar da zai iya kwanciya. Sannan a sauke babur ɗin daga abin da aka kafe shi, babba ya riƙe shi a tsaye, mutum biyu su zauna, ku sake aunawa. Digiri nawa aka rasa? Bayan haka ku sa mafi tsawo da mafi gajarta a gidanku su zauna ɗaya bayan ɗaya, ku auna kusurwar gwiwar kowanne.

Idan babu babur a kusa, bencin ajinku ya isa. Ku auna tsawonsa daga ƙasa, ku auna daga bayan gwiwar kowane ɗalibi zuwa diddigensa, ku ƙirga mutum nawa ne bencin ya yi musu daidai, nawa ne ƙafarsu take lilo, nawa ne gwiwarsu take sama. Ku rubuta sakamakon a tsare ku nuna wa malamin Lissafi ko na Fiziks. Wa ya sani, wataƙila lokacin da makaranta za ta ba kafinta aikin sababbin benci, takardarku ce za ta sa a yi su girma biyu maimakon ɗaya. Ku aiko mana da abin da kuka samu, da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi tsari.

Yaya dai ya koma kasuwa, kuma yanzu yana sauka daga babur ba tare da ya dafa bango ba. Tsohuwar sandar da aka yi wa walda tana rataye a zaure, ya ce kada wanda ya jefar da ita.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida malamai da mutanen gida.